Tafin Hannun Yaya

Yayana bakaniken jiragen ruwa ne, irin ƙananan nan masu inji a ciki, waɗanda ke kai mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. A bakin ruwa ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Tafi ake ce masa, kuma idan ka kira shi da wani sunan ko waiwayowa ba zai yi ba. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shagona, inda nake ɗinkin rumfar jirage da rigunan kujeru, yana kallon garejinsa, don haka abin da zan faɗa a kansa ba labari aka ba ni ba, ta tagar da ke gaban kekena na gan shi.

Aikin da ya yi suna a kai shi ne gano rawa. Wanda bai taɓa shiga irin jirgin nan ba sai an yi masa bayani. Injin yana zaune a tsakiya, bisa kujerunsa na roba. Daga shi sai giya, daga giya kuma wata doguwar sandar ƙarfe da suke kira shaf ta bi ta ƙarƙashin daɓe ta fita cikin ruwa, a ƙarshenta farfela. Ko'ina a wannan layin abu yana iya kaucewa, kuma da ya kauce sai jirgi ya kama rawa. Haƙoranka su dinga haɗuwa, notuna su dinga kwance kansu, kofin da ka ajiye ya fara tafiya shi kaɗai. Mai jirgi ya san akwai rawa, abin da bai sani ba shi ne daga ina take. Nan Yaya yake shigowa, a hankali, kamar wanda aka roƙa.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya canza shi don kowa. Da farko ya toshe kunnuwa da auduga, domin a cewarsa kunne munafuki ne, abin da mai jirgi ya faɗa masa shi yake ji. Sai ya durƙusa a kan wani soso mai kauri, wanda ni na ɗinka wa riga, don kada gwiwa ta yi wa hannu katsalandan. Sai ya rufe ido, ya shimfiɗa tafin hannunsa na dama a kan daɓe, daidai inda shaf ke wucewa. Hannun hagu ke ba da umarni. Yatsa ɗaya, a tayar da inji a bar shi a firi, wato ba a sa giya ba. Yatsu biyu, a sa giya. Idan ya ɗaga hannun sama, a ƙara totur. Idan rawar ta bayyana tun a firi, to laifin na inji ne ko na kujerunsa. Idan sai an sa giya take zuwa, to daga giya zuwa baya za a nema: ko shaf ya lanƙwashe, ko bushin da ke riƙe da shi ya cinye, ko inji da shaf ba sa kan layi ɗaya, ko farfela ta bugi wani abu.

Ba zan rage masa komai ba, ya iya aikinsa. Na ga ranar da wani mai jirgi ya zo a fusace yana cewa a cire masa inji a jefar. Yaya ya ɗora tafi, bai daɗe ba ya buɗe ido ya ce wani ya yi nutso ya duba farfela. Aka fito da guntun igiyar raga da ta naɗe a jiki. Shi ke nan ciwon. Irin wannan ya faru ba sau ɗaya ba, kuma kowane karo kan Yaya yana ƙara kumbura, har ya kai hularsa ma ban san yadda take shiga ba.

Daga nan tafin ya tashi daga hannu ya zama wani babban mutum da ke zaune a gidan Yaya, wanda kowa ke yi wa hidima. Ba ya ɗaukar abu mai zafi. Ba ya riƙe guduma, ba ya jan igiya, ba ya tafawa ko da an faɗi abin dariya. Abinci da cokali. Gaisuwa kuwa tsintsiyar hannu yake miƙa maka, ko kai wane ne. Matarsa ke shafa masa mai safe da yamma, ita ma daga baya-baya, ban da tsakiyar tafin, wannan shi yake yi da kansa. Ranar da aka haifi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, aka miƙa masa ita, a kan damtse ya karɓe ta. Abin yana ba ni haushi, kuma na sha faɗa masa, domin ni a gidanmu ba a san ni da riƙe magana ba. Da wannan tafin yake jan hannuna zuwa makaranta muna yara, idan za mu tsallaka titi har matse ni yake yi sai na yi ƙara. Amma tun da ya zama Mai Tafi ban ƙara taɓa shi ba.

Haka aka yi shekaru, har Auta ta girma ta yi aure. Mijinta matuƙin jirgi ne, irin mutanen nan da idan ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Ya daɗe yana tuƙa wa wasu, bara Allah ya hore masa ya sayi nasa. Jirgin ba sabo ba ne amma lafiyarsa ƙalau. Ni kaina na shiga ranar da na je auna masa rumfa, muka zaga muka dawo, tsinken da na ajiye a kan benci ko motsi bai yi ba. Sai yaron nan, don ladabi kawai, ya kawo jirgin gaban gareji ya ce Baba ya sa masa albarka.

Yaya ya ce albarka daban, aiki daban. Aka kawo soso, aka kawo auduga. Ya durƙusa, ya rufe ido, yatsa ɗaya, yatsu biyu. Can sai na ga goshinsa ya tattare. Ya cire audugar ya dubi surukinsa.

"Akwai rawa. Ba ka ji ba?"

Yaron ya dubi daɓe, ya dubi ruwa, ya dubi sama. Wanda ya ba shi 'ya ne ke tambaya, a gaban jama'a, kuma Mai Tafi ne.

"Eh, Baba. Ina ɗan ji."

Wannan "ɗan ji" shi ya kwantar da jirgin nan. Aka jawo shi tudu aka cire farfela, Yaya ya ɗaga ta a rana ya ce kunnenta ɗaya ya karkace. Aka kawo wata. Aka mayar da jirgi ruwa, ya ɗora tafi, rawa tana nan. To shaf ne. Aka zare shaf, aka mirgina shi a kan tebur, ya mirgina sumul, Yaya ya ce ai teburin ne ba daidai ba. Aka canza shi. Rawa tana nan. Aka canza bushi. Aka kwance inda giya ke haɗuwa da shaf, aka yini ana zura siririn ƙarfen awo a tsakani, ana ɗaga inji ana saukewa, har layi ya fito yadda ko mai hassada ba zai ce komai ba. Aka sake gwadawa. Yaya ya ce ba ta ragu ba, wayo ta ƙara.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mutanen bakin ruwan nan. Kowa ya zo sai ya ɗora hannu, kuma kowa sai ya ji. Mai walda, wanda rumfarsa ke jikin garejin Yaya, ya rantse rawar har cikin haƙorinsa take shiga. Mai fenti ya ce shi tun ranar da aka kawo jirgin ya lura, kawai bai so ya riga manya magana ba. Mai sayar da man jirage ya ce ya san tsohon mai jirgin, kuma wannan rawar ce ta sa ya rabu da shi. Ba wanda yake so a ce Mai Tafi ya ji abu shi bai ji ba, sai aka shiga gasa, wanda ya zo daga baya ya fi na gabansa ji. Labari ya tsallaka ruwa. Fasinjoji suka fara nuna jirgin da baki suna cewa ga mai rawar can. Wata mata ta hana ɗanta ko jingina da shi, alhali a tudu yake, bisa katako, ba inji a kunne. Shi kuwa mai jirgin ya koma tuƙa wa wasu, da yamma ya zo ya tsuguna gefen nasa yana wanke notuna da fetur yana cewa, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Ni ma da farko na ɗauka hannuna ne bai iya ba. Abin da ya buɗe min ido kuwa ba a jirgi ya faru ba, a shagona ne. Matar Yaya ta shigo da rigunansa a ƙunshe, ta ce in cire maɓallan in sa zif. Na ce Yayan da ya ce zif na 'yan makaranta ne? Ta ce ai yanzu shi ake yayi. Tana magana tana kallon bango. Na ɗaga riga ɗaya na ga bakin ramukan maɓallan duk sun yi baƙi sun saki, alamar an daɗe ana kokawa da su. Da yamma na bi ta gidan na zauna har aka kawo shayi. An canza masa kofi, an ba shi wani ƙato, an zuba rabi. Ya ɗauka da hannu biyu. Duk da haka ina kallon saman shayin yana kaɗawa. Da ya ajiye, hannun dama ya ci gaba da abinsa a kan gwiwa, babban yatsa yana motsi kamar yana murza wani abu, sai ya ɗora na hagu a kai ya danne, ya ci gaba da ba ni labarin shaf.

Jikina ya yi sanyi, sannan raina ya ɓaci, domin ni a wurina biyun tare suke zuwa. Na ja matarsa kicin, na sa aka kira Auta. Ashe duk sun sani. Matar ta ce ta fi shekara tana gani, amma ita ba da bakinta ba, zaman da suka yi tare ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba, ba kuma a kan hannu za ta fara ba. Auta ta fashe da kuka ta ce tsakanin uba da miji ta rasa wanda za ta tausaya wa. Na tambaye ta ko mijin ya sani. Ta ce tun rana ta farko ya sani, ya ce gara jirgi ya ruɓe a tudu da a ce shi ya kunyata Baba. Na ce to madalla, gida guda an taru an yi wa mutum shiru saboda ƙauna, an bar shi yana farke jirgin bawan Allah. Suka ce tunda ni ce mai baki, ni zan faɗa. Dama duk abin da ba ya faɗuwa a dangi ni ake turawa, daga baya kuma a ce ba ni da kunya.

Na ce zan faɗa, amma na yi ta ɗagawa. Yau in ce aiki ya yi min yawa, gobe in ce ransa a ɓace yake. Sai Yaya ya yanke hukuncin da ya hana ni ƙara ɗagawa. Ya tara mutane ya ce yanzu rawar ta fara zuwa tun a firi, wanda ke nufin ta baro shaf ta shiga cikin inji. Za a yi gwajin ƙarshe, daga nan a ciro injin a buɗe shi har ƙasa. Kowa a bakin ruwa ya san injin da aka farke ba gaira ba dalili ba ya komawa yadda yake, balle da hannun da ke rawa za a haɗa shi. Idan aka buɗe injin nan, jirgin yaron ya tafi, kuma ranar da gaskiya ta fito sunan Mai Tafi zai bi shi.

Da hantsi aka mayar da jirgi ruwa, aka ɗaure shi a jikin gadar da jirage ke tsayawa. Na rufe shago na tafi, na shirya maganata tsaf tun daga gida, har da inda zan sassauta murya. Na shiga jirgin. Yaya ya ce me tela ke nema a nan, na ce rumfa na zo dubawa. Mai walda da mai fenti suna tsaye a baya, wasu kuma a kan gada sun zuba ido. Na buɗe baki, na dubi furfurar da ke bayan kunnensa yana tura auduga, yana ta fama audugar na faɗuwa, sai maganar ta maƙale. Ni da ban taɓa rasa ta cewa ba, ranar na rasa.

Yaya ya durƙusa a kan soso, ya rufe ido, ya shimfiɗa tafi, ya ɗaga yatsa ɗaya. Surukin ya kai hannu zai murɗa makulli. Ban san lokacin da na riga shi ba. Na zare makullin na damƙe a hannuna, na harare shi yadda ya san idan ya yi motsi zan jefa shi ruwa. Ya koma ya zauna. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana bugun jikin jirgi.

Yaya yana nan yadda yake, ido a rufe. Can ya gyaɗa kai, ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda kunnensa ke toshe.

"Ga ta nan. Tun a firi. Na faɗa muku."

Ya ɗaga yatsu biyu. Ba wanda ya motsa. Ya jira, ya sake gyaɗa kai, ya ce ta ƙaru. Ya ɗaga hannu sama a ƙara totur, ya ce yanzu kam ko jariri zai ji. Mai walda, Allah ya shirye shi, ya sunkuya ya ɗora nasa hannun a kan daɓen jirgin da injinsa ke sanyi ƙalau, ya dube mu ya ce wallahi shi ma yana jin wani abu. Wani a kan gada ya fara dariya, na ɗaga kai na dube shi, ya haɗiye ta.

Yaya ya buɗe ido yana murmushin wanda ya ci nasara. Ya cire auduga ɗaya. Sai murmushin ya tsaya. Ya cire ɗayar. Ya juya ya dubi injin, ya dubi bututun hayaƙi, ya dubi surukinsa da ya sunkuyar da kai kamar zai shige ƙarƙashin benci, sannan ya dube ni. Na buɗe hannuna ya ga makullin. Na yi zaton zai tashi ya zage ni tas, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Bai yi ba. Ya ɗaga tafin daga daɓe a hankali, ya riƙe shi a gaban fuskarsa, a iska, ba ya taɓa komai, yana kallonsa yana rawa.

Sannan ya juya ga surukinsa, da muryar aiki, ya ce a mayar da tsohuwar farfela da tsohon shaf a ajiye, ba abin da ya same su, kuma kada wanda ya kusanci injin nan da sifana. Ya tambaye shi tun yaushe ya sani. Yaron ya ƙara sunkuyar da kai. Yaya ya dubi mai walda ya ce, kai kuma haƙorin naka ka je a duba maka. Mai walda ya tuna ya bar ƙarfe a wuta, mai fenti ya bi shi, mutanen kan gada suka watse kamar an kira su. Surukin ya fita ya ce zai nemo ruwan sha, duk da akwai jarka cike a ƙarƙashin ƙafarsa.

Muka rage mu biyu. Na ji tausayinsa ya cika min ciki, na kuma ji haushin kaina da na yi masa haka a gaban mutane, amma ban ba shi haƙuri ba, domin na san da zan sake samun makullin nan zan sake zarewa. Ya yunƙura zai tashi daga kan soson, gwiwa ta ƙi. Na tsaya ina jira ya miƙo min tsintsiyar hannu yadda ya saba. Sai ya miƙo tafin, a buɗe.

"Kowa ya taɓa jirgi ya yi min ƙarya," ya ce. "Ke taɓa nan ki faɗa min."

Na riƙe. Tafin yana da laushi kamar na wanda bai taɓa aikin ƙarfi ba, ya kuma fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Yana bugawa a cikin hannuna, a hankali, ba ya tsayawa.

"Akwai ta, Yaya."

"A firi?"

"A firi."

Ya gyaɗa kai, kamar yadda yake yi idan ya gama da jirgi. Na ja shi ya miƙe. Katakon da ake takawa daga jirgi zuwa gada siriri ne, yana kuma lilo, na ce bari in wuce gaba. Bai saki hannuna ba. Da muka kai tsakiya ya matse ni har na kusa yin ƙara.